Hantar da Na Zuba wa Kaji

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar farinta, kuma a gidanmu na Magama, kamar gidaje da yawa a ƙasar Jibiya, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta ma yarda a gane ta damu da shi. Kunya ce, haka ta taso ta ga ana yi. Idan tana son in miƙo mata ludayi, sai ta dubi tukunya ta ce, "A miƙo mani ludayi." Idan na yi laifi, sai ta ce wa Kaka, "Wasu dai ba su jin magana." Ni ce wasu. Ƙannena uku kuwa sunayensu ba sa sauka daga bakinta, da faɗa da wasa. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini, amma sanin bai taɓa hana ni jin haushi ba. Abin da na fi so a duniya a shekarun nan shi ne in kama Inna, ko sau ɗaya, tana damuwa da ni.

Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, wanda ke kallon na Inna a tsakar gida ɗaya. Kaka haifaffiyar tsallaken iyaka ce, wajen Maraɗi, kuma har ta koma ga Allah makaranta lakwal ce a bakinta, likita kuma lokotoro. Ita ce ƙawata, ita ce abokiyar faɗana. Inna kuwa abinci take sayarwa. Gidanmu yana bayan titin da manyan motoci ke jeruwa kafin a duba takardunsu su tsallaka Nijar, sai Baba ya kafa mata rumfa a ƙofar gida. Shinkafa da wake, taliya da manja da yaji, ranar Juma'a dambu. Direbobi da masu faci da 'yan kamasho duk sun san hannunta.

Ina shekara goma sha huɗu na fara al'ada. Kaka na gaya wa, don ko a mafarki ba zan tunkari Inna da wannan magana ba. Kaka ta yaga mini tsohon zanenta mai laushi, ta koya mini wanka, sannan ta fita bakin murhu ta raɗa wa Inna. Ina leƙe ta bayan labule. Inna ta ce, "To," ta ci gaba da iza wuta. Na tsaya ina jira ko za ta waiwayo wajen ɗakin, ba ta waiwayo ba.

Abin bai zo mini da sauƙi ba. Saura mako guda sai in zama wata daban. Cikina ya kumbura, siket ɗin makaranta ya ƙi zugewa, ƙuraje su fito mini a goshi, kuma ko kaza ce ta gifta ta gabana sai na ji kamar da gangan ta yi. Ga kwaɗayi kamar na mai ciki. In sayi awara in bulbula mata yaji mai dunƙule har sai ta canja launi, in bi da alawar madara, in koma in kwaɗa garin rogo da sukari. Abincin kirki kuwa ko kallonsa ba na son yi. Idan abin ya zo, marata ta riƙa murɗawa har ƙafafuna, jinin kuma ya yi kwana bakwai yana zuba kamar ba zai tsaya ba. In tashi tsaye in ga gari yana juyawa.

Kaka tana da maganinta. Ta jiƙa jar kanwa, wadda 'yan'uwanta ke aiko mata daga can, ta ce in shanye, babu abin da ke kwance mara kamarta. Sannan ta dafa shayi irin nasu, baƙi ƙirin, mai ɗaci, a 'yar butarta shuɗiya, mu sha bayan kowane abinci. Ni kuma ina da nawa sirrin da ko ita ba ta sani ba. Farar ƙasa nake ci. Ina saye a wajen wata tsohuwa a hanyar makaranta, in ɓoye a cikin jaka, in riƙa gutsura ina jin ƙanshinta har cikin raina. Ban san dalili ba, jikina ne kawai yake nema.

A ɓangaren Inna kuma, gwangwanin sukari ya fara tafiya. Kullum yana kan kanta a ɗakinta, inda kowa ke ɗiba. Sai na lura duk lokacin da kwaɗayina ya tashi, gwangwanin ya ɓace, ba zai dawo ba sai na yi wanka. Wata rana ina tsaye ina lalube, ta ce wa Kaka daga bakin murhu, "A hwaɗa ma wasu su rage shan zaƙi." Na ji kamar an mare ni. A ganina ɓarauniya aka mai da ni, ga shi ƙanena yana gabana yana lasar sukari a tafin hannu ba wanda ya ce masa kanzil. Na haɗe rai na kwana biyu, ita kuwa ko a jikinta.

Haka muka yi kusan shekara, har ranar da na faɗi. Na ɗauko kular shinkafa daga cikin gida zan kai rumfa, da hantsi, ranar ta huɗu ce da fara jinin. Na tuna na ga bayan wata babbar mota, na ji ana kiran wani direba, daga nan sai farkawa na yi a kan benci, hijabina jiƙe da ruwa, shinkafa watse a ƙasa. Aka sa ni a mota zuwa asibiti a cikin Jibiya, Kaka tana riƙe da kaina, Inna tana can gefen taga tana kallon gonaki.

Malamar asibitin da ta duba ni doguwa ce, mai saurin magana, ba ta da lokacin kowa. Ta ja fatar idona ƙasa, ta juya tafin hannuna, ta sa aka ɗebi jinina. Da sakamako ya fito ta ce jinina ya yi ƙasa sosai. Ta dubi Inna ta ce, "Ɗiyarki ce?"

Inna ta sunkuyar da kai. Kaka ce ta amsa, "Ɗiyar gidanmu ta."

Ban manta wannan ba. Ina kwance da ƙyar nake ɗaga kai, amma sai da na juya fuska bango don kada a ga hawayena. Tambaya guda, amsarta kalma guda, Inna ta kasa.

Malamar ta titsiye ni sai da na faɗi duk abin da nake ci, har farar ƙasa. Kaka ta riƙe baki. Malamar ta ce ba abin mamaki ba ne, mace in jininta ya ragu takan ji tana son cin ƙasa ko ƙanƙara, ita ƙasar kuma sai ta ƙara hana jiki amfana da abinci. Ta ce wadda ke zubar da jini haka duk wata dole a riƙa mayar mata da shi ta baki: hanta, nama in an samu, wake, zogale, alayyafo, a matsa lemon tsami a kai ko a bi da gwaiba, don tsamin yana taimaka wa jiki ya ɗauka. Shayi mai kauri a daina shan shi a kan abinci, yana tare abin da ake nema. Gishiri da dunƙule a rage idan lokacin ya matso, su ke ƙara kumburin. Don murɗar mara a dafa citta a sha da ɗumi, nono ma yana da amfani. Sukari kuwa, ta ce ba shi ke ƙara jini ba kamar yadda tsofaffi ke faɗa, amma yana cika ciki ya kashe sha'awar abinci. Da ta zo kan kanwa ta ce a bari kawai.

"Kanwar tawa?" in ji Kaka. "Lokotoro, wagga kanwa da ita anka yi renon uban yarinyar ga."

"To shi ba ya al'ada, Iya," in ji malamar, ta ci gaba da rubutu.

Duk wannan bayani Inna tana kallon ƙofa, kamar wadda ta rako maƙwabciya. Aka ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, aka ce mu dawo bayan wata uku. In bai hau ba, sai dai Katsina.

Lokacin ya zo daidai da ɗaya daga cikin rufe iyakar da aka sha yi. Layin motoci ya watse, titin ya yi fayau, masu faci suna kwance a kan tayoyinsu. Inna ta koma dafa rabin abin da ta saba, wani lokaci ma ya kwana. Nama ya bar tukunyar gidanmu ba sallama. Baba ya koma gonarsa ta Gangara gaba ɗaya, sai yamma muke ganinsa.

A cikin wannan hali ne kwanon ya fara bayyana. Wani ɗan kwanon samira ne mai murfi, gefensa ya ɗan ɓantare. Na dawo daga makaranta na gan shi a kan turmin da aka kife kusa da ɗakin Kaka. Inna tana wanke-wanke, ta ba ni baya, ta ce, "Akwai saura a kwanon can. In ba mai ci a ba kaji."

Na buɗe. Kwaɗon zogale ne da ƙuli, an yanka hanta ƙanana a kai, ga ɓarin lemon tsami a gefe. Yawuna ya tsinke, amma zuciyata ta riga shi tashi. Saura. Wato ni da kaji layinmu ɗaya. Matar da ta kasa cewa ni ɗiyarta ce a gaban malamar asibiti, yanzu abin da direbobi suka rage take ajiye mini, ko ni ko kaji, duk wanda ya riga. Na ɗauki kwanon na zaga bayan ɗaki inda akurki yake, na juye musu tas, na dawo na ajiye shi a kan turmi da ƙarfi don ta ji. Ba ta waiwayo ba. Da ta ga kwano wayam, ta ɗauke ta wanke.

Washegari ma haka. Kwana goma a jere kwanon yana zuwa, wata rana faten wake da alayyafo, wata rana dambun zogale, kusan kullum da 'yar hanta, kullum da maganar nan guda ba ragi ba ƙari. Sannan ya ɗauke, sai wani watan ya dawo. Ni kuma kullum bayan ɗaki. Ƙwayoyin asibiti ma mako guda na sha na watsar, don suna tayar mini da zuciya. Farar ƙasa ce kawai na rage, ita ma don Kaka tana binciken jakata. Ina jin yunwa, ina jin jiri, amma ina jin daɗin cewa ban ci sadakar kowa ba. Yarinta ke nan. Kajinmu kuwa suka yi ɓul-ɓul, har maƙwabta suna tambayar Kaka irin dusar da take ba su.

A makonnin nan ne kuma miyar gidanmu ta riƙa yin lami. Baba ya ɗanɗana ya ce, "Yau kuma gishiri ya ƙare a garin?" Inna ta ce, "Mantuwa na yi." Watan da ya biyo ta sake mantawa, a daidai wannan makon. Ban haɗa komai da komai ba, ina can ina fama da fushina.

Wata uku suka cika muka koma asibiti, mu uku kamar da. Aka sake ɗibar jini. Malamar ta dubi takarda, ta dube ni, sannan ta juya kan Inna. Wannan karon ba ta tambayi ɗiyar wace ce ba.

"Baiwar Allah, mi na ce maku? Jinin nan ko motsi bai yi ba. Kuna sai da abinci, an ce mani, amma yarinya na neman mutuwa da yunwa a gidanku. Hantar nawa take? Zogale ba a bayan gidan kowa yake ba? In ba ku iya riƙonta ku hwaɗi."

A gaban mata cike da benci ta wanke Inna tas. Na saci kallonta. Idonta yana ƙasa, tana murza bakin mayafinta da yatsu biyu. Da malamar ta gaji, Inna ta ce a hankali, "A yi haƙuri. Za a gyara." Ba ta dube ni ba, ba ta ce ta yi iyakar ƙoƙarinta ba. Malamar ta ce ta ƙara mana wata biyu, daga nan ba ruwanta.

Muna isa gida Inna ta ɗaura zanen aiki ta nufi murhu. Kaka ta ja hannuna zuwa ɗaki, ta saki labule.

"Ke, zamna nan. Hantar da kinka ci wata ukku, ina ta tahi?"

Na ce, "Wace hanta? Sauran direbobi? Kaji na ba. Ai ita ta ce a ba kaji."

Kaka ta ƙura mini ido. Sai ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tana riƙe ciki, tana cewa ashe shi ya sa zakaran nan ya fara tafiya kamar mai unguwa. Ina tsaye na cika na yi fam. Can dariyar ta tsaya, ta share ido da gefen zane, muryarta ta canja.

"Ke da ka zuwa lakwal, in tambaye ki. Yaushe kinka taɓa ganin an sai da hanta a runhwar uwarki, da har za ta yi saura?"

Na shiga lissafo abincin rumfar a raina. Shinkafa da wake, taliya, dambu. Tun da nake ban taɓa ganin hanta a rumfar nan ba, ko lokacin da motoci ke cika titi.

Kaka ta gaya mini sauran. Inna tana idar da sallar asuba take yafa mayafi ta tafi wajen mahauta, don ta riga masu tsire, ta sayo 'yar hantar da ba ta fi tafin hannu ba. Zogalen daga gidan ƙanwarta take tsinkowa, a can ƙarshen gari, a ƙafa. Kwanakina kuwa ta fi ni sanin su. Tana kallon dardumata da ke rataye a igiya, ranar da ta ga ba a sauke ta ba ta san an fara, daga nan ta ƙirga kasuwar Lahadi uku ta ɗora tukunya. Gishirin da take mantawa, gidan gaba ɗaya ta sa wa dokar don kada a ce ta ware ni. Duk abin da malamar ta lissafa ranar farko, lokacin da Inna take kallon ƙofa, babu wanda ya wuce ta.

"To mi ya hana ta ce nawa ne?" Na tambaya ina kuka, har da majina.

"A gabana? Ni uwar mijinta ina zamne, ta ɗauko kwano ta ce ungo ɗiyata? Ai sai ƙasa ta tsage ta shige. Ni ma haka na yi ma ubanki, shi dai ya hi ki wayo, cinyewa shikai."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na tuna yadda nake buga kwanon a kan turmi, ita kuma tana ɗauka tana wankewa, ashe murna take an ci. Na tuna "za a gyara". Na so in fita in durƙusa a gabanta in ba ta haƙuri, Kaka ta riƙe ni. Ta ce in na yi haka na ƙara kunyata ta, kuma ba za ta san inda za ta sa fuskarta ba. Ta ce haƙurin da Inna za ta iya karɓa guda ɗaya ne, kuma na san shi.

Ban sani ba ko Kaka ta gaya mata inda hantar ta tafi. Ina zaton ta gaya mata, don Kaka ba ta iya riƙe labari mai daɗi irin wannan. Inna dai ba ta nuna ba. Na koma shan ƙwayoyina, bayan abinci kamar yadda aka ce, ina yamutsa fuska. Shayin Kaka ya koma na la'asar, ita kaɗai da mitarta. Na yi ta duban turmi kamar mai jiran baƙo, ina tsoron kada kwanon ya yi fushi ya ƙi dawowa.

Ba zan ce abinci ya raba ni da ciwon mara ba, har yau wani watan sai na kwanta da ruwan citta da tsumma mai ɗumi. Amma kumburin ya ragu, jirin ya tafi, sha'awar farar ƙasa ta bar ni kamar ban taɓa saninta ba, kuma ba a kai ni Katsina ba. Wannan duk daga baya ne.

Ranar da nake son faɗa ita ce wata Talata, bayan kasuwar Lahadi ta uku. Na shigo daga makaranta, ga kwanon samira a kan turmi. Inna tana tsugune tana tsince wake a faranti, ta ba ni baya.

"Akwai saura a kwanon can," in ji ta. "In ba mai ci a ba kaji."

Ban shiga ɗaki ba, ban ko cire hijabi ba. Na jawo kujera 'yar tsugune na zauna a tsakiyar gida, inda ko ba ta waiwayo ba za ta ji. Na buɗe murfi, na matsa lemon tsami, na yi bisimilla da ƙarfi. Kwaɗon zogale ne da hanta, gishirinsa kaɗan. Na ci a hankali, hawaye yana sauka ina haɗawa da shi, har na kai ƙasan kwano na sa yatsa na suɗe.

Kajin nan da suka saba, suna jin ƙarar murfi suka taho a guje, zakaran a gaba, suka kewaye ni suna miƙa wuya. Inna ta ɗebi tsakuwar da ta tsince daga wake ta watsa musu, har yanzu ba ta dube ni ba.

"Ku tahi," ta ce musu. "Yau mai shi ta zo."